Masu Tayar da Akori-kura a Ƙasar Yauri

Kowa ya san kwaltar da ta taso daga Jega ta bi ta Koko, ta ratsa Yelwa ta miƙa Kontagora. Amma arzikin ƙasar Yauri ba a bakin kwaltar yake ba. Albasa da shinkafa da bandar kifi da warangi suna can ƙasa, a tungayen bakin ruwa da ƙauyukan Shanga da na Ngaski, inda hanya ke komawa burji, burjin ma ya ƙare ya bar sawun taya a cikin fadama. Tirela ba ta zuwa can. Mashin yana zuwa, amma buhu nawa zai ɗauko? Akori-kura ce ke haɗa bakin ruwa da kwalta, kuma da wuya ka ga sabuwa a cikinsu. Galibi motoci ne da suka girmi yaran da ke binsu, kuma abin da ke riƙe da su a kan hanya hannun bakanike ne.

Iri biyu suka fi yawa a wannan aiki. Akwai Peugeot 504 mai bodi a baya, gadon kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna wanda ya fara aiki a 1975. Sai tsohuwar Toyota Hilux, ko mai injin fetur 22R ko mai gas. Ba don rashin kuɗin sabuwa kawai ake nemansu ba. Injin mai kafireta ba ya buƙatar kwamfuta kafin a gane ciwonsa. Idan ya mutu tsakanin Birnin Yauri da Wara, direba da yaronsa suna iya kwance kafiretar da sifana da sukudireba a gindin bishiya, su busa, su ɗaura, su kama hanya. Motar zamani kuwa in ta ƙi tashi a wurin, sai dai a nemo abin da zai jawo ta.

Cinikin tsofaffin motocin nan ya fi kankama da rani, lokacin da kuɗin amfanin gona ya shigo hannu, don a samu sararin gyara kafin ruwa ya sauka. Mai hankali ba ya zuwa shi kaɗai, da bakanikensa yake tafiya, kuma da sassafe, tun injin bai ɗumama ba, domin injin da aka riga aka tayar yana ɓoye laifinsa. Maganar dillali kusan ɗaya ce ko'ina: "Alhaji, ba abin da take nema, mai kawai za ka zuba." Bakaniken ba ya musu. Sai ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya ce wa yaronsa ya miƙo ƙaramar guduma, ya shige ƙarƙashi.

A nan ake gane gwani. Yana bin shasi yana ƙwanƙwasawa taku-taku yana saurare. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da kaifi, wanda tsatsa ta cinye ta ciki kuwa amonsa a dushe yake, wani lokaci har ɓarɓashi ya zubo masa a fuska. Yakan daɗe a wurin da sifirin ya kama shasi, don nan nauyi ke taruwa, nan kuma ake yawan ɓoye tsohuwar walda da baƙin fenti. Motocin da suka shigo daga Turai ta Kwatano suna da nasu ciwon: a Beljiyam da Jamus gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana maƙalewa a ƙarƙashin mota yana cin ƙarfe shekara da shekaru. Sai ka ga bodi yana ƙyalli, kujeru garau, amma ƙasa ta ruɓe. Ana iya canza injin, ana iya canza giya. Shasin da ya ruɓe kuwa, duk waldar da aka yi masa, ranar da aka ɗora masa buhunan albasa a kan gargada zai faɗi gaskiya.

Sai ya fito ya buɗe murfin baƙin mai. Idan ya ga fari-fari mai kauri a jikinsa, ruwa yana haɗuwa da mai, gasket ya ƙone ke nan ko kan injin ya tsage. Ya sa a tayar, ya koma bayan salansa: hayaƙi shuɗi na nufin tana shan baƙin mai, ringi sun gaji. In Hilux ce mai ogzilare, dole a kai ta rairayi a gani da ido ƙafafu huɗun suna ja, don da yawa an cire musu ƙarfen da ke juya ƙafafun gaba. Daga ƙarshe takardu: lambar da ke jikin shasi ta yi daidai da ta takarda, shaidar kwastan tana nan. Wanda ya tsallake wannan don an yi masa rangwame, zai gane araha ba ta ado a shingen farko.

Idan ciniki ya faɗa, dillali ya karɓi la'adarsa, motar takan yi makonni tana yawo hannu-hannu a gareji. Mai walda ya ƙarfafa bodi, ya ɗaga masa ƙarafa don lodi. A kwance sifirin baya a ƙara masa ganye ɗaya ko biyu. Rewaya ya bi wayoyi ya naɗe duk inda ya zage, ya toshe inda ruwa zai shiga wurin rarraba wuta, tunda digo kaɗan a nan ya isa ya kashe injin fetur a tsakiyar kududdufi. A wanke lagireto, a cika boris da giris, a zubar da man aksul a sa sabo. Bakanike nagari yakan ja kunnen direba: duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya, ka dawo a duba man aksul, in ya canza launi a zubar. Sai taya mai zanen kirki, da safaya, da jak, da shebur da gatari da guntun katako da igiya mai ƙarfi. Waɗannan ba sa barin bayan mota har damina ta wuce.

Wanda bai san tafkin Kainji ba zai yi mamakin wannan shiri. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya rufe tsibirai da garuruwa da yawa, aka sake wa dubban mutane matsuguni, Gungawa a cikinsu, bakin ruwan nan bai zauna wuri ɗaya ba. Ruwan yana ja da baya tun daga rani har tsakiyar damina, sannan ya fara ciko. Ma'ana, a daidai lokacin da sama ke zuba, kwale-kwale yana tsayawa nesa, kuma tsakaninsa da tudu laka ce mai santsi wadda mota za ta ratsa da kaya. Kifi kuma ba ya jiran hanya ta bushe.

Hunturu nasa sauƙi ne, amma yana da hakkinsa. Ƙura tana toshe matatar iska, sanyin asuba yana tona asirin batirin da ya tsufa, mai gas kuma sai an duba fulogin da ke ɗumama ta.

Abin da ke damuna shi ne inda ake rage kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara da ake kawowa daga Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas sun yi tsada ƙwarai. Mai mota yakan yarda ya kashe kuɗi a kan injin da sifiri, don su ke ƙara masa lodi, amma da an zo kan birki sai ya ce a lallaɓa. Alhali ranar kasuwa ba buhuna kaɗai ke bayan motar ba. Akwai mata da goyo, akwai tsofaffi a saman kaya. Motar da aka ƙara wa ganyen sifiri tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfin birkinta na asali. Na fi girmama bakaniken da zai ajiye sifana ya ce, "Maigida, in ba a canza wannan tiyon birki ba, ba da hannuna za ta fita ba," ko da hakan zai sa mai motar ya koma wani gareji.

Yaran da ke koyo a gindin kanikawan nan suna farawa ne da wanke notuna a cikin fetur da miƙa sifana, sai sun shekara kafin a bar su su taɓa kafireta. Da yawansu yanzu hankalinsu ya karkata ga gyaran mashin da injin kwale-kwale da famfon ban-ruwa, inda kuɗi ke shigowa kullum. Ba laifinsu ba ne. Sai dai muddin hanyoyin tungaye suna yadda suke, garejin da ke da mai iya gyara tsohuwar akori-kura ba zai rasa layi ba daga watan Afrilu zuwa saukar ruwa.