Guguwa a Amurka: Wa Ke Ɗaukar Hasarar Gida?

Kowace shekara daga watan Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba akan ji mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku ta faɗa wa jihohin kudancin Amurka, kamar Fulorida da Luwiziyana. Sai ka ji ana cewa ai can ba a hasara, inshora ta biya, gwamnati kuma ta yafe haraji. Mun bi lissafin, ba haka yake ba.

Da farko dai inshorar gida ta yau da kullum tana biyan ɓarnar iska, amma ba ta biyan ta ambaliya. Ta ambaliya takarda ce dabam, yawanci a ƙarƙashin wani shiri da gwamnatin tarayya ta kafa a 1968. Wannan ne ya jawo shari'u barkatai bayan guguwar Katirina ta 2005: mai gida ya ce iska ce ta fara yaye rufi, kamfani ya ce a'a, ruwa ne ya ci gidan. Sa'an nan tun bayan guguwar Andiru ta 1992, wadda ta karya kamfanonin inshora da dama a Fulorida, aka shiga sa sharaɗi cewa mai gida shi zai ɗauki farkon hasara, watau kashi 2 ko 5 cikin 100 na kuɗin da aka yi wa gidan inshora.

To, ga misali. A ce an yi wa gida inshorar dala 300,000, sharaɗin kashi 5 ne. Guguwa ta yi ɓarnar dala 40,000. Kamfani zai biya 25,000, saura 15,000 a wuyan mai gida. Wannan sauran shi ake kai wa hukumar haraji ta IRS a nemi rangwame. Ita kuwa sai ta fara cire dala 100, kana ta cire kashi 10 cikin 100 na samun mutum a shekarar. In samunsa 60,000 ne, an cire 6,000 ke nan, saura 8,900. Kada wani ya ɗauka wannan 8,900 za a ƙirga masa a hannu. Ragewa za a yi daga kuɗin da za a yanka wa haraji. In harajinsa kashi 12 cikin 100 ne, abin da ya tsira da shi bai fi dala 1,068 ba, cikin 15,000. Ko wannan ma sai in ya zaɓi jera kashe-kashensa ɗaya bayan ɗaya, ya bar rangwamen da ake ba kowa.

Akwai wasu sharuɗɗa. Tun daga 2018 ba a karɓar irin wannan hasara sai in Shugaban Ƙasa ya ayyana bala'i a wurin, daga 2026 aka haɗa da wanda jiha ta ayyana. Wanda yake da inshora bai kai ƙorafinsa ga kamfani kan lokaci ba, ba a rage masa abin da kamfanin zai biya. Kuɗin inshora da mutum ke zubawa kan gidan da yake zaune ba ya rage haraji ko kaɗan, sai fa in gidan haya ne. Wani sa'i majalisa kan sassauta: bayan Katirina ta ɗage cire dala 100 da kashi 10 ɗin nan duka. Abin da muka ga ya fi amfani shi ne an yarda a sa hasarar cikin harajin bara, kuɗi su dawo da wuri, lokacin da katako da kwano suka yi tsada.

Batun rauni kuwa, guguwa ba a kai ta ƙara. Sai an nuna sakacin mutum tukuna. In itace lafiyayye ya faɗa wa maƙwabci, ikon Allah ne, babu diyya. In kuwa busasshe ne, mai shi ya sani ya ƙi sarewa, to ya shiga, kuma a nan ne wani sashe na inshorar gidansa kan biya a madadinsa. Diyyar raunin jiki ba a yanka mata haraji, amma tarar da kotu ta ƙara don horon mai laifi ana yanka mata. Lauya galibi ba ya karɓar ko sisi sai an ci shari'a, sa'an nan ya ɗauki wajen sulusi. Ƙarar ma tana da wa'adi: a Fulorida dā shekara 4 ne, a 2023 aka mai da shi 2.