Idan Ango Ne Zai Tare

Da magariba ta kawo kai sai motoci su jeru a ƙofar gidan iyayen amarya. An lulluɓe ta da mayafi, ƙawaye na riƙe da hannunta, wata gwaggo na raɗa mata nasihar ƙarshe, mai guɗa ta rangaɗa, a ɗunguma zuwa ɗakin miji. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san inda ayarin yake nufa. Amarya ake kaiwa, ita ce ke tarewa. Wannan hoto ya zauna a zukatan mutane har ya shige cikin dokokin ƙasashe da dama, waɗanda aka rubuta su kamar kullum mace ce za ta bar garinsu ta bi miji. Matsalar tana tasowa ne ranar da ma'aurata suka yanke shawarar zama a ƙasar matar.

A ɗauki misalin wa da ƙanwa 'yan Kano da suka yi karatu a Khartoum, kamar yadda ɗalibanmu da yawa suka yi kafin yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023. Yayan ya auri 'yar Sudan, ƙanwar ma ta auri ɗan Sudan, kowa da waliyyi da shaidu da sadaki. Rikici ya koro su gaba ɗaya zuwa gida. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, fasfonsu iri ɗaya, amma a gaban doka aurensu ba nauyi ɗaya ba ne.

Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba duk macen da ta auri ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa, damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Abin da ake nema daga gare ta kaɗan ne: a shaide ta da hali nagari, ta nuna niyyar zama a ƙasar, ta yi rantsuwar biyayya. Sashen bai ambaci namijin da ya auri 'yar Najeriya ba. Shi sai dai ya bi ta sashe na 27, hanyar da kowane baƙo ke bi ko da bai da dangi ko ɗaya a ƙasar. Sai ya shekara 15 yana zaune a Najeriya, sai gwamnan jihar da yake ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi kuma ya saje da su, sai ya nuna cewa ya amfani ƙasar ko zai iya amfanarta. 'Ya'yan ƙanwar nan kuwa 'yan Najeriya ne tun daga haihuwa, domin sashe na 25 ya yarda ɗa ya gaji ƙasa ta wajen uwa ko ta wajen uba. Ke nan a gida ɗaya za a sami uwa 'yar ƙasa, yara 'yan ƙasa, mai gidan kuma baƙo, har ɗan farinsu ya kusa gama sakandare.

Haka abin ya daɗe a ɓangaren izinin zama. Matar da ta zo daga waje tana da takarda tata sananniya a ofisoshin shige da fice, wadda ake kira Niger-Wife (sunan ba ya nufin 'yar Jamhuriyar Nijar, yana nufin baƙuwar da ke auren ɗan Najeriya). Miji kuwa wata hanya daban aka ware masa, ta neman matsayin baƙo na musamman daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Kuma Kundin Tsarin Mulkin da ya bambanta su shi ne dai ya hana, a sashe na 42, a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda shi namiji ne ko mace.

Ƙasar da aka fi fafatawa kan wannan batu a fili ita ce Birtaniya, kuma labarinta yana da darasi mai ɗaci. Ƙa'idojin shige da fice na 1980 sun bar namijin da ke da izinin zama na dindindin ya kawo matarsa cikin sauƙi. Mace kuwa ba ta iya kawo mijinta sai idan 'yar ƙasa ce wadda aka haifa a Birtaniya, ko aka haifi ɗaya daga iyayenta a can. Kowa ya gane waɗanda sharaɗin ya nufa: matan da asalinsu Indiya ne, ko Pakistan, ko Bangladesh, ko ƙasashen Afirka. Mata uku, Abdulaziz da Cabales da Balkandali, suka kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg. Dukkansu suna zaune a Birtaniya bisa doka, dukkansu an hana mazajensu zama tare da su.

Hujjar gwamnati ita ce rashin aikin yi ya yi yawa, kuma namiji idan ya shigo aiki zai nema, ya tare wa 'yan ƙasa guraben, mace kuwa gida za ta zauna. A nan ne ainihin tunanin ya fito sarari. Ana kallon baƙon miji a matsayin ma'aikacin da ya fake da aure, ana kallon baƙuwar mata a matsayin kayan gidan mijinta. A watan Mayun 1985 kotun ta ce wannan hujja ba ta isa ba, kuma bambancin wariya ce ta jinsi.

Sai dai yadda gwamnatin Margaret Thatcher ta aiwatar da hukuncin ya kamata duk mai neman gyara ya riƙe shi. Kotu ta ce a daidaita, gwamnati ta daidaita su a cikin wahala. Sharuɗɗan da a da mazaje kaɗai ke fuskanta aka shimfiɗa su har kan mata, ciki har da wanda ya fi kowanne cin rai, wato mai neman biza ya tabbatar da cewa babbar manufar aurensa ba shiga Birtaniya ba ce. A tsaya a yi tunanin abin da wannan ke nufi ga saurayin da ke zaune gaban jami'i a ofishin jakadanci. Ana tambayarsa wa ya haɗa auren, sau nawa suka haɗu kafin a ɗaura, me ya sa ita ba za ta dawo garinsu ba tunda a al'adarsu mace ke bin miji. Idan ya ce ita ta fi son can, an ce ashe biza yake nema. Idan ya ce iyaye ne suka haɗa, an ce babu soyayya. Al'adarsa aka mayar makami a kansa, kuma ba wanda zai iya buɗe ƙirjinsa ya nuna abin da babu a ciki. Sai a 1997, da jam'iyyar Labour ta hau mulki, aka soke wannan sharaɗi.

Kada kuma a ɗauka sauƙin da aka yi wa mata girmamawa ce. A 1979 jaridar Guardian ta fallasa cewa an yi wa wata 'yar Indiya gwajin budurci a filin jirgin Heathrow, don jami'ai su tabbatar da gaske amarya ce da ta zo a ɗaura mata aure. Idon da ke zargin namiji shi ne ya wulaƙanta mace.

Yau rubutun dokar Birtaniya bai ambaci namiji ko mace ba, amma bambancin ya koma cikin lissafin kuɗi. Tun watan Yulin 2012 wanda zai kawo abokin aurensa daga waje sai yana samun aƙalla fam 18,600 a shekara, kuma a watan Afrilun 2024 aka ɗaga adadin zuwa fam 29,000. A neman farko ba a lissafa abin da wanda ke wajen zai iya samu idan ya shigo, ko da likita ne ko injiniya. Albashin wanda ke ciki ake dubawa. Mata kuwa su ne suka fi yawa a ayyukan rabin yini da masu ƙaramin albashi, su ne ke ajiye aiki don goyo. Matar da ke shayar da jariri ita kaɗai ana buƙatar ta kai wani albashi kafin a bar uban jaririn ya zo ya taya ta reno, alhali rashinsa ne ya hana ta aikin da zai kai ta wannan albashi. Kotun Ƙolin Birtaniya ta duba sharaɗin a 2017, ta bar shi, tare da cewa dole a riƙa la'akari da maslahar yara.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga mu gyara. Senegal ta gyara dokarta a 2013. Jamhuriyar Nijar, da muke addini ɗaya da harshe ɗaya da auratayya tsakanin Maraɗi da Katsina, ta yi nata gyaran a 2014, inda mace ta sami damar mijinta ya zama ɗan ƙasa ta dalilin aure. Nijar ba ta rushe ba.

A Najeriya an zo dab da hakan. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a kan gyare-gyaren kundin tsarin mulki, ta yi watsi da ƙudirori biyar da suka shafi mata, ciki har da wanda zai sa miji cikin sashe na 26. Mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar a Abuja, har Majalisar Wakilai ta janye matsayinta kan uku daga ciki don a sake dubawa. Amma da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyare-gyare 16 a watan Maris 2023, wannan ba ya cikinsu.

Masu adawa suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Sun ce akwai auren takarda, akwai masu yaudarar 'yan mata don su sami gindin zama, akwai kuma matsalar tsaro a kan iyakokinmu. Duk gaskiya ne. Amma auren takarda mace ma tana yin sa, kuma maganinsa bincike ne: a ga shaidar ɗaurin aure, a ji daga mai unguwa da maƙwabta, a gindaya wasu shekaru na zama tare, a auna kowa da mudu ɗaya. Tsarin da muke da shi yanzu tun kafin a buɗe fayil ya gama yanke hukunci, ya gaskata auren ɗa ya yi shakkar na 'ya.

Wasu kuma sukan ce al'ada da addini ne suka sa mace ta bi miji. Haƙƙin samar da muhalli yana wuyan miji, haka ne, amma muhallin yana iya kasancewa a garin matar. Annabi Musa, alaihis salam, ya yi aure a Madyana yana baƙo, ya zauna shekaru yana yi wa surukinsa kiwo. Labarin da muke ba yara na asalin Hausa Bakwai ma na baƙon miji ne: Bayajida ya iso Daura daga gabas, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Sarauniya Daurama, ya zauna a garinta. Fatake da malamai da yawa haka suka yi a Kano da Zinder da zangon Kumasi, suka yi aure inda suka sauka, jikokinsu ne yau ake kira 'yan gari.

A gidan waccan ƙanwa kuwa akwai wata jakar leda a ƙasan akwati, cike da kwafin fasfo da takardar aure da hotuna da rasitai, wadda ake ciro ta duk lokacin da wa'adin takardar mai gidan ya kusa cika. Matar yayanta tana iya shigar da takardunta na zama 'yar ƙasa ba tare da ta jira wasu shekaru 15 ba. Shi kuwa, idan an fara ƙirga masa daga 2023, sai 2038.