Wa ke riƙe maganar da aka faɗa gaban alƙali?

Mai karatu, in ka taɓa shiga zauren shari'a ka ga wani ma'aikaci zaune kusa da alƙali, yana rubutu. Shi ne magatakardan kotu, wanda ake kira girefiye. In aka ɗaukaka ƙara zuwa Yamai ko Damagaram, takardarsa ce alƙalan can za su fara dubawa.

A Nijar girefiye ba ya rubuta kowace kalma. Kai kana ba da shaida da hausa, tafinta yana juyawa zuwa faransanci, shi kuma yana ɗaukar gundarin maganar. Hanyar tana da tsawo, kuma magana takan zube a kanta. Mutum ya ce "na ji an ce", takarda ta fito da "na gani". Wannan ɗan bambancin yana iya kai wani gidan kaso.

A Amurka akwai masu saurin rubutu da wata ƙaramar na'ura mai ƴan maɓallai. Sai mutum ya kai kalma 225 a minti ɗaya kafin ya ci jarrabawarsu ta ƙasa. Horonsu na ɗaukar shekaru, albashinsu kuma da tsada, shi ya sa kotuna da yawa suka koma ga na'urar ɗaukar murya.

Na'urar tana da amfani. A shari'ar Nelson Mandela da abokansa, a Afirka ta Kudu, cikin 1963 da 1964, an ɗauki muryoyi, kuma har yau ana sauraron jawabin da ya yi ran 20 ga Afirilu 1964. Sai dai fayafayen sun tsufa, har sai da wata ma'aikatar adana sauti ta Faransa ta juye su a kwamfuta. Na'ura kuma ba ta cewa "dakata, maimaita" in mutum biyu suka yi magana tare, ba ta ganin wanda ya gyaɗa kai, kuma in wuta ta ɗauke shiru take yi. A ganina, inda ta fi amfani shi ne a bincika ko tafinta ya juya daidai.

Saboda haka, in an rubuta bayaninka a jandarmari ko wajen alƙali mai bincike, kar ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai an karanta maka shi, an fassara da harshen da kake ji. In ka ji abin da ba ka faɗa ba, ka roƙi a gyara nan take, tun ba ka tashi daga kujerar ba.