Butan: Masarautar da Ta Rage a Tsaunukan Himalaya

Wanda ya duba farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina, bayan garin Sakkwato, don yin siminti, zai iya cin karo da bawon halittun ruwa da suka daskare a cikinsa. Masana sun ce kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso Sahara ya malale yankin. Uwar wannan reshe ita ce tsohuwar tekun da ake kira Tetis, wadda ta ƙafe lokacin da ƙasar Indiya ta yi karo da nahiyar Asiya, laka da duwatsun gindinta suka tattare suka yi sama cikin tsaunukan Himalaya. A gefen gabas na waɗannan tsaunuka wata 'yar masarauta take maƙale, sunanta Butan.

Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 38,400 ba, mutanenta kuma ba su cika dubu 800 ba. A arewa Sin ce, a kudu Indiya, kowacce da mutum sama da biliyan ɗaya. Maƙwabtanta na da, masu addini da al'ada irin nata, duk an haɗiye su: Sin ta shiga Tibet a 1950, Indiya ta haɗe masarautar Sikkim a 1975. Butan kaɗai ta rage da sarkinta da tutarta, kuma ba ƙarfin soja ya tsare ta ba.

Addinin Buda ya shigo mata ne ta Tibet. Mutanen ƙasar na danganta gidajen ibadarsu biyu mafi tsufa, Kyichu a kwarin Paro da Jambay a Bumthang, ga sarkin Tibet Songtsen Gampo na ƙarni na 7. Bayansa sai malamin da suke kira Guru Rinpoche, wanda labarinsu ya ce ya sauka a wani kogo bisa bayan damisa. A bakin kogon nan aka gina gidan ibada na Taktsang a 1692, yana rataye jikin dutse kamar mita 900 sama da kwarin. Gobara ta cinye shi a 1998, aka sake gina shi.

Amma wanda ya mai da kwaruruka masu faɗa da juna ƙasa ɗaya shi ne Ngawang Namgyal, wani babban malamin ɗariƙar Drukpa da rikicin gadon shugabanci ya koro daga Tibet a 1616. Basakkwace ba zai rasa gane fasalin labarin ba, ko da yake aƙidun sun yi hannun riga: malami ya yi hijira, almajirai sun bi shi, abokan gaba sun biyo sawu an gwabza, daga ƙarshe daula ta tsaya bisa addini. Ngawang Namgyal ya kori rundunonin Tibet fiye da sau ɗaya, ya kuma giggina manyan ganuwoyi da ake kira zong, na Simtokha a 1629, na Punakha a 1637. Kowane zong rabi gidan malamai ne, rabi ofishin hukuma, kuma har yau haka ake amfani da da yawansu. Mulkin ma biyu ya raba shi: Je Khenpo na riƙe da addini, Desi na riƙe da sha'anin duniya.

Da ya rasu a 1651, fadawa suka ji tsoron kada ƙasar ta watse, sai suka ce malam ya shiga halwa. Aka ci gaba da kai abinci ƙofar ɗakinsa, ana fitar da umarni da sunansa. Sama da shekara hamsin aka yi kafin a faɗi gaskiya. Tsoron nasu kuwa ba na banza ba ne, don daga baya gwamnonin larduna sun shafe kusan ƙarni biyu suna yaƙar juna.

Ana cikin haka Turawan Ingila suka iso ƙofa daga Indiya. A yaƙin 1864 zuwa 1865 Butan ta rasa filayen noma na kudu, Turawa suka riƙa biyanta kuɗi duk shekara a madadinsu. Gwamnan Trongsa, Ugyen Wangchuck, ya ɗauki darasi. A 1904, shekara guda bayan Turawa sun ci Sakkwato, ya raka rundunar Ingila zuwa Lhasa a matsayin mai shiga tsakani. Ranar 17 ga Disamba 1907 malamai da hakimai suka naɗa shi sarki na farko a Punakha, sarautar ta zama ta gado. Yarjejeniyar 1910 ta ce Ingila ba za ta sa baki a harkokin cikin gida ba, Butan kuma za ta bi shawararta a na waje. Ciniki ne mai ɗaci, amma ba a taɓa kafa mata Razdan yana mulkinta ba.

Indiya ta gaji wannan matsayi a yarjejeniyar 1949. Lokacin da Firayim Minista Nehru ya kai ziyara a 1958, babu hanyar mota ko ɗaya, bisa dabbobi ya ƙarasa. Bayan tawayen Tibet na 1959 Butan ta rufe iyakarta ta arewa, ta juya gaba ɗaya ga kudu. Da kuɗin Indiya aka yi titin farko zuwa Thimphu, babban birni. Sarki na uku, Jigme Dorji Wangchuck, wanda ya kafa majalisa a 1953 ya kuma soke bauta, shi ya kai ƙasar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1971, kujerar da Sikkim ba ta taɓa samu ba. A 2007 aka gyara yarjejeniyar da Indiya, aka cire batun bin shawara. Duk da haka kuɗin Butan, ngultrum, ɗaure yake da rupee na Indiya, kuma Indiya ke sayen wutar lantarkin da madatsun ruwa irin su Chukha da Tala ke samarwa.

Wani abin da ke ba masu nazarin diflomasiyya mamaki: Butan ba ta da cikakkiyar hulɗar jakadanci da ko ɗaya daga cikin ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu. Ba Amurka, ba Sin, ba Rasha, ba Ingila, ba Faransa. Da gangan ne.

Duniya ta fi saninta da maganar sarki na huɗu, Jigme Singye Wangchuck, cewa farin cikin jama'a ya fi yawan dukiyar ƙasa muhimmanci. Shi ya bar baƙi masu yawon buɗe ido suka fara shiga a 1974, ya halatta talabijin da intanet a 1999, sannan ya sauka da kansa a 2006 ya bar wa ɗansa. Tsarin mulkin 2008 ya kawo zaɓe, ya wajabta wa sarki murabus in ya kai shekara 65, ya kuma ce kashi 60 cikin ɗari na ƙasar ya zauna daji har abada.

Sai dai a zamanin wannan sarkin ne aka yi abin da masu tallar farin ciki ba su cika ambata ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1985 da ƙidayar 1988 sun tsananta wa mutanen kudu masu harshen Nepal, akasarinsu mabiya addinin Hindu, aka kuma tilasta sutura da al'adar arewa a kan kowa. Tsoron abin da ya sami Sikkim na cikin dalilan, amma wannan bai wanke aikin ba. Sama da mutum dubu 100 suka ƙare a sansanonin gudun hijira a Nepal, suka yi kusan shekara ashirin a can kafin a kwashe yawancinsu zuwa Amurka.

Iyakar arewa kuwa har yanzu ba a shata ta ba. Tun 1984 Butan da Sin ke zaman tattaunawa, an yi zagaye na 25 a Beijing a Oktoban 2023. Wurin da ya fi zafi shi ne tudun Doklam, inda sojojin Indiya da na Sin suka yi kwana 73 suna kallon-kallo a 2017, a kan ƙasar da Butan ke cewa tata ce. Sin ta taɓa yin tayin sakin wasu kwaruruka na arewa in a bar mata yankin Doklam. Indiya ba ta so, domin tudun na kusa da siririn zirin Siliguri, wanda ya haɗa ta da jihohinta na arewa maso gabas.