ADHD: Lalurar da Ta Sha Sauya Suna

A shekarar 1902, wani likitan yara ɗan Ingila mai suna George Still ya tsaya gaban takwarorinsa a Landan yana bayani kan wasu yara masu cikakkiyar basira, amma ba sa iya natsuwa, ba sa iya danne zuciyarsu. Shi a ganinsa, naƙasa ce ta kame kai a fannin ɗabi'a. Tun daga nan lalurar take ta sauya suna, kowane suna kuwa yana tona abin da likitocin zamaninsa suka fi sa wa ido.

Bayan annobar kumburin ƙwaƙwalwa da ta ɓarke a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, an ga wasu yaran da suka tashi daga ciwon sun zama gagararru. Sai aka ɗora laifin kan rauni a ƙwaƙwalwa, sunan raunin ƙwaƙwalwa ya bi yara har shekarun 1960, alhali a yawancinsu ba a ga wani rauni ba. A 1968, kundin DSM na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ya raɗa mata sunan da bai ambaci komai ba sai yawan motsi.

Virginia Douglas ta Jami'ar McGill a Kanada ce ta juya akalar. A 1972 ta nuna cewa gindin matsalar shi ne kasa riƙe hankali kan abu guda da kasa dakatar da kai. Daga nan aka samu sunan ADD, wato lalurar rashin mayar da hankali, a 1980, aka koma ADHD, wanda ya haɗa da yawan motsi, a 1987, sannan a 1994 aka raba ta gida uku. Har gobe mutane na cewa ADD, amma babu shi a kundin yanzu.

Gida na farko shi ne wanda rashin mayar da hankali ya rinjaya, kuma shi ne ya fi wuyar ganewa. Yarinya ce zaune shiru a bayan aji, malam yana rubutu a allo, ita idonta na kan taga. An aike ta sayen gishiri da ashana, ta dawo da ashana kaɗai. Fensirinta ya ɓata, aikin gida an fara ba a ƙarasa ba, a yi mata magana kamar ba ta ji. Tunda ba ta damun kowa, ba a kai ta asibiti. Sai dai a ce mata daƙiƙiya ko malalaciya, ta girma da wannan tabo a zuciyarta. Yara mata da yawa a nan suke faɗawa, kuma wannan babban rashin adalci ne da tsohon sunan yawan motsi ya taimaka wajen ɓoyewa.

Gida na biyu na masu ƙiriniya da garaje ne: yaro ba ya zama a kujera, ya amsa kafin a gama tambaya, ba ya jiran layi. Na uku ya haɗa duka biyun.

A 2013 sai DSM-5 ya daina kiransu nau'o'i, ya ce yanayin bayyana ne, domin bincike ya nuna yaro ɗaya kan tashi daga wannan gida ya koma wancan. Tsalle-tsallen kan lafa da girma, ya koma rashin sukuni a cikin rai, mantuwa da shiririta kuwa su tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bi sahu a kundinta na ICD-11 da ya fara aiki a 2022. Ƙiyasin DSM-5 shi ne kusan kashi 5 cikin 100 na yara, da kashi 2.5 na manya.

Ba kowane yaro mai ƙiriniya ne ke da ita ba, kuma sharuɗɗan suna da tsauri. Ɓangaren rashin mayar da hankali da na ƙiriniya da garaje, kowanne yana da alamomi 9. Ana bukatar 6 ga yaro, 5 ga wanda ya kai shekara 17. Dole su kai wata 6, wasunsu su fara kafin shekara 12, su bayyana a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, kuma su kawo cikas na gaske. Shi ya sa likita ba ya tsayawa kan bayanin uwa kaɗai, sai ya nemi na malami, ya kuma duba ko matsalar ji ce, ko ƙarancin barci, ko irin farfaɗiyar nan da ke sa yaro ya yi tsai na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ya faɗi ba.