Taron Sulhu Na Kano

Idan mutum biyu suka yi gardama a kan iyakar gona a nan Gafasa, ba a barinsu su sari juna da fartanya. Mai unguwa yakan kira su, ya ji ta bakin kowa. In abin ya fi ƙarfinsa, sai a kai gaban dagaci. Wannan shi ne sulhu. Mai sulhu ba alƙali ba ne. Ba ya yanke hukunci, ba ya ɗaure kowa. Aikinsa shi ne ya nemo maganar da kowa zai yarda da ita.

To, haka ƙasashe ma suke yi. In yaƙi ya tashi a wata ƙasa, maƙwabciyarta takan shiga tsakani. An taɓa yin irin wannan a cikin birnin Kano.

Ƙasar Cadi tana arewa maso gabas da mu. Mun haɗa iyaka da ita a Tafkin Cadi. A watan Fabrairu na 1979 faɗa ya ɓarke a Njamena, babban birninta. Shugaban ƙasa, Janar Felis Malum, yana da sojansa. Firayim Minista, Hisen Habre, yana da nasa. Ga kuma Gukuni Wedeye da mayaƙansa daga arewa. Mutane da yawa suka mutu, wasu suka bar gidajensu.

Me ya shafi Nijeriya? Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yaƙin maƙwabci yana kawo 'yan gudun hijira, yana kawo bindigogi, yana tare hanyar fatake. Saboda haka gwamnatin Janar Obasanjo ta kira shugabannin Cadi zuwa Kano a watan Maris na 1979. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, mutumin Katsina, shi ya shugabanci taron. Wakilan Nijar da Kamaru da Libiya da Sudan suka zo don su zama shaidu.

Aka yi kwana da kwanaki ana magana. Daga ƙarshe aka sa hannu a takarda. Aka ce a daina harbi. A saki fursunoni. Malum da Habre su sauka, a kafa gwamnatin riƙon ƙwarya. Nijeriya kuwa ta aika da soja Njamena don su tsare zaman lafiya. Malum ya sauka, ya zo Nijeriya ya zauna.

Amma sulhun bai kama ba. Akwai waɗansu ƙungiyoyi masu bindiga da ba su cikin taron, suka ce ba da su aka yi ba. Aka sake zama a Kano a watan Afrilu, aka tashi ba a daidaita ba. Sai aka koma Ikko. A can, a watan Agusta, ƙungiya 11 suka sa hannu. Gukuni ya zama shugaba, Habre ya zama ministan tsaro. Duk da haka, a watan Maris na 1980 su biyun suka koma yaƙi. A 1982 Habre ya ƙwace mulki da ƙarfin bindiga.

Ka lura da abu biyu a nan. Na farko, duk wanda ke da hannu a cikin rigima, tilas a kira shi wurin sulhu. Wanda aka bari a waje, shi zai warware abin da aka ƙulla. Na biyu, mai sulhu yana iya tara mutane, yana iya rubuta takarda, amma ba ya iya cika musu alkawari. In masu faɗa suna ganin za su ci da yaƙi, sa hannu ba ya hana su.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin mai sulhu da alƙali?
2. Don me Nijeriya ta shiga tsakanin mutanen Cadi?
3. Me ya sa sulhun Kano bai kama ba?