Jirgin da ke auna zurfin ƙasa ba tare da ya haƙa rami ba

Kwanan baya wani ya turo taswira mai ja da shuɗi a zaurenmu na WhatsApp, ya ce wai ga man fetur nan kwance a ƙarƙashin Borno, jirgi ya gano shi daga sama. Kafin ka ce me, har an fara maganar sayen filaye. Na ce a dakata tukun, bari mu ga me na'urar take gani.

Na fara da wayata. Kamfas ɗin cikinta yana aiki ne da ɗan ƙaramin ma'aunin maganaɗisu. Buɗe manhajar da ke nuna lambobinsa, ka matso da makulli, za ka ga sun motsa. Irin wannan aikin jirgin yake yi, sai dai nasa ma'aunin yana jin canjin da bai kai nanotesila ɗaya ba, a cikin maganaɗisun duniya da ke tsakanin 25,000 zuwa 65,000.

Yashi da lakar da suka cika kwari kusan ba su da maganaɗisu. Tsohon dutsen da suke zaune a kai shi ne mai shi. In dutsen yana kusa, layin awon yakan yi tsalle-tsalle masu kaifi. In yana can ƙasa sosai, sai layin ya yi lanƙwasa mai faɗi a hankali. Daga wannan bambancin kwamfuta take lissafa kaurin lakar.

A Najeriya, kamfanin Fugro ya yi wa hukumar binciken ƙasa irin wannan awon, jirgi na tafiya mita 80 kacal sama da ƙasa, tazarar layi da layi mita 500.

Me ya sa kauri ke da muhimmanci? Mai ba ya nuna sai lakar ta nutse kilomitoci, zafi ya dafa ta. Kwari marar zurfi, babu amfanin kashe kuɗi a kansa.

Amma fa jirgin ba ya ganin mai ko ɗigo. Kuma dutsen aman wuta da ya kutsa cikin laka yakan ruɗi lissafin, kwarin ya zama kamar bai da zurfi. Shi ya sa ake bin bayansa da awon girgiza, sannan haƙa. A ɓangaren Najeriya na kwarin Chadi, NNPC ta haƙa rijiyoyi 23, abin da aka samu alamun gas ne a biyu. A Doba ta Chadi kuwa, mai yana fita tun 2003.

Don haka jama'a, in an turo muku taswira mai launi, ku tambaya: me aka auna, kuma an haƙa? Kar kowa ya tura kuɗin guminsa gida saboda jan launi.